Yadda ake haɗa kayan injin Jeep 4.0 da na AMC 4.2 a fitar da sitiroka mai lita 4.6

Akwai wani aiki da masu son tsofaffin motocin Jeep a Amurka suka daɗe suna yi a garejin gidajensu. Sukan sayi injuna biyu masu silinda shida a jere, ɗaya lita 4.0, ɗaya lita 4.2, su kwance su kaf, su ɗauki kayan wannan su haɗa da na wancan, sai ga inji na uku, mai lita 4.5 zuwa 4.7. Irin wannan inji shi ake kira sitiroka, wato injin da aka tsawaita wa tafiyar fistan. Wanda ya buɗe bonet ba zai ga wani bambanci ba, sai motar ta kama tudu da kaya sannan direba ya ji canjin a ƙafarsa. Wannan darasi zai bi lissafin da ke ƙarƙashin aikin, domin kuskuren milimita biyar kacal ya isa ya sa fistan ya daki kan inji tun kafin motar ta bar gareji.

Dalilin da ya sa kayan suke shiga juna

Injunan biyu 'yan gida ɗaya ne. Kamfanin American Motors, wanda aka fi sani da AMC, ya fitar da sabon injinsa mai silinda shida a 1964, mai lita 3.8. A 1971 ya ƙara masa tsawon tafiyar fistan, aka samu mai lita 4.2, wanda Amurkawa ke kira 258 saboda girman cikinsa a ma'aunin inci. Shi ne a cikin Jeep CJ-7 da AMC Eagle da Wrangler na farko, aka ci gaba da sa shi har 1990. Inji ne mai kafireto, mai ja sosai a ƙaramin juyi, amma ƙarfin dokinsa a ƙarshen zamaninsa bai wuce 112 ba.

A 1987, shekarar da Chrysler ya sayi AMC, mai lita 4.0 ya fito a cikin Cherokee da Comanche. An faɗaɗa masa silinda, an rage masa tafiyar fistan, an ba shi nozul da kwamfuta a maimakon kafireto. Ya fara da ƙarfin doki 173, ya kai 190 a 1991, kuma an ci gaba da ƙera shi a garin Kenosha na jihar Wisconsin har 2006.

Abin da injiniyoyin ba su taɓa ba shi ne ƙasan injin. Tazarar da ke tsakanin silinda da silinda tana nan yadda take. Karankishaf ɗin kowannensu yana kwanciya ne a kan mazauni bakwai, kaurin wuyansa a mazaunin inci 2.50, kaurin wuyan da konrod ke kamawa kusan inci 2.09. Don haka karankishaf na 4.2 yana kwanciya cikin bulok na 4.0 kamar don shi aka yi. Masu rubuta manhaja sun san irin wannan: idan aka sabunta tsari amma aka bar mahaɗarsa yadda take, tsohon ɓangare zai ci gaba da aiki da sabo. Kamfanin ya bar ma'aunan ne don rage kuɗin sauya na'urorin masana'anta, masu gareji kuma suka ci moriyar abin.

Lissafin girman ciki

Girman cikin inji abu biyu ne ke yanke shi, faɗin silinda da tsawon tafiyar fistan daga ƙasa zuwa sama. A ninka faɗin da kansa, a ninka da 0.7854, a ninka da tsawon tafiyar, sannan a ninka da yawan silinda. Idan da inci aka yi lissafin, sai a ninka sakamakon da 16.387 a samu cc.

Injin 4.0 yana da faɗin inci 3.875 (milimita 98.4) da tafiyar inci 3.414 (milimita 86.7). Lissafi ya ba da cc 3,959. Injin 4.2 kuwa faɗinsa inci 3.75 ne kawai, amma tafiyarsa inci 3.895 (milimita 98.9), abin da ya ba da cc 4,230. Ɗaya yana da faɗi, ɗaya yana da tsawo. Idan aka haɗa faɗin na farko da tsawon na biyu, ana samun cc 4,516, wato lita 4.5, ƙarin kashi 14 cikin ɗari ba tare da an taɓa bangon silinda ba.

Sai dai da wuya a samu tsohon bulok da silindarsa ba ta ci ba, don haka yawanci sai an kai shi borin. Ƙarin inci 0.030 a faɗi yana kai shi cc 4,587, shi ne 4.6 da aka fi yi. Ƙarin inci 0.060 yana kai shi cc 4,657, wanda ake kira 4.7. Zaɓin 0.030 ya fi hankali. Bambancin da ke tsakaninsu cc 70 ne kawai, direba ba zai ji shi ba, amma wanda ya tsaya a 0.030 ya bar wa bulok ɗin nama don gyaran gaba, kuma bango mai kauri ya fi jure zafi.

Tsayi uku da dole su yi daidai

A nan aikin yake da gaske. Daga tsakiyar karankishaf zuwa saman bulok na 4.0 akwai kusan inci 9.453. Wannan tazara ba ta canzawa sai an aske bulok ɗin. Abubuwa uku ne ke cike ta idan fistan ya kai ƙololuwa: rabin tsawon tafiya, tsawon konrod daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami, da tsayin fistan daga tsakiyar fil ɗinsa zuwa samansa. Jimillar ukun dole ta tsaya a bakin saman bulok ko ƙasa da shi kaɗan.

A injin 4.0 yadda ya fito daga kamfani, rabin tafiya 1.707 ne, konrod 6.123, fistan 1.601. Jimilla 9.431. Fistan yana tsayawa inci 0.022 ƙasa da saman bulok.

Yanzu a ce wani ya yi gaggawa, ya sa karankishaf na 4.2 ya bar sauran kayan 4.0 yadda suke. Rabin tafiya ya koma 1.948, jimilla ta zama 9.672. Fistan zai leƙo sama da bulok da inci 0.219, fiye da milimita biyar da rabi. Gasket ba zai iya rufe wannan tazara ba. Injin ba zai ma juya da hannu ba, in kuwa aka matsa masa da kik, fistan da konrod ne za su biya.

Mafita ta farko, wadda ta fi araha, ita ce a ɗauko konrod na 4.2 tare da karankishaf ɗinsa. Tsawonsa inci 5.875. Lissafi: 1.948 da 5.875 da fistan 4.0 mai 1.601, jimilla 9.424. Fistan ya tsaya kusan inci 0.030 ƙasa da saman bulok, bambancin inci 0.008 kawai da na asali. Wannan dacewar ita ce asalin shaharar aikin, domin duk kayan na kamfani ne da ake samu a wurin masu sayar da tsofaffin injuna: bulok da fistan na 4.0, karankishaf da konrod na 4.2. Fil ɗin fistan ma kaurinsa ɗaya a injunan biyu.

Mafita ta biyu ita ce a riƙe dogon konrod na 4.0, a sayi fistan na musamman wanda aka matsar wa ramin fil sama. Idan aka cire 1.948 da 6.123 daga 9.453, abin da ya rage 1.382 ne, don haka fistan da ake sayarwa don wannan aiki tsayinsu yana tsakanin inci 1.35 da 1.38. Sun fi tsada, amma akwai abin da ake saya da kuɗin.

Gajeren konrod yana karkata sosai idan karankishaf ya kai rabin zagaye, karkatar kuma tana danna fistan a jikin bangon silinda. Ana auna wannan ta raba tsawon konrod da tsawon tafiya. A 4.0 na asali 1.79 ne. Da gajeren konrod yana sauka zuwa 1.51, da dogo kuma 1.57. Sannan akwai batun ƙasan silinda. Da gajeren konrod, fil ɗin fistan yana sauka kusan inci 0.49 ƙasa da inda yake tsayawa a injin asali, fiye da santimita ɗaya, har siket ɗin fistan ya fi fitowa daga ƙasan silinda, inda ba shi da bangon da zai jingina. Da dogon konrod rabin wannan ne. Duk da haka kada a tsorata da gajeren konrod: injin 4.2 da kansa da 1.51 ya yi shekara ashirin yana aiki. Ga motar da za ta riƙa ja a ƙaramin juyi, ya wadatar. Wanda ke son ya riƙa kai injin juyi 5,000 a minti akai-akai, shi ne ya kamata ya biya kuɗin dogon.

Matsi, da ƙwanƙwasar da ke cin fistan

Silinda ta ƙara girma, amma ɗan sararin da ake matse iska da fetur a cikinsa bai ƙaru ba. Sakamakon shi ne matsi ya hau. A 4.0 kowace silinda tana jan cc 660, sararin da ke saman fistan kuma kusan cc 85 ne idan aka haɗa ramin kan inji, ramin saman fistan, kaurin gasket da ɗan gibin saman bulok. A haɗa 660 da 85 a raba da 85, a samu kusan 8.8. A sitiroka mai lita 4.5 silinda tana jan cc 753, sararin ya zama kusan 87, matsi ya haura 9.6.

A takarda wannan ƙarin ƙarfi ne. A kan hanya kuwa, da kan inji na ƙarfen zubi mai riƙe zafi da fetur na gama-gari, yakan zama ƙwanƙwasa: ragowar fetur ɗin da ke gefen silinda ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi. Ana jin ta kamar an zuba tsakuwa a gwangwani idan aka taka totur a kan tudu. In ta daɗe tana karya bakin ringi, ta ƙona gasket, ta huda fistan. Abin lura kuma, injunan 4.0 na 1991 zuwa sama ba su da na'urar jin ƙwanƙwasa da za ta sa kwamfuta ta ja lokacin wuta baya. Na 1987 zuwa 1990 ne ke da ita.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a zurfafa ramin saman fistan. Don matsi ya dawo 9.0, sararin yana buƙatar kaiwa cc 94, domin 753 a raba da 8 shi ke ba da haka. Ƙarin cc 7 ke nan a kowane fistan.

Sai dai akwai wata dabara da sababbin shiga kan yi wadda ke jawo akasin abin da ake nema, wato sa gasket mai kauri don rage matsi. Gefen fistan da ke miƙe yana kusantar shimfiɗaɗɗen ɓangaren kan inji a ƙololuwa, ya matso cakuɗen iska da fetur da ƙarfi zuwa tsakiya, abin da ke sa wuta ta ci da sauri ta rage damar ƙwanƙwasa. Wannan yana aiki sosai ne idan gibin yana wajen inci 0.040 zuwa 0.045. A sitiroka mai gajeren konrod, gibin bulok 0.030 da gasket na asali mai kusan 0.051 sun riga sun kai shi 0.081, ninki biyu na abin da ake so. Ƙara kaurin gasket ƙara lalata shi ne. Abin da ƙwararru ke yi shi ne su aske saman bulok har fistan ya zo daf da baki, su sa gasket marar kauri, sannan su mayar da sararin da aka rasa ta hanyar zurfafa ramin fistan. Kowane canji ɗaya yana taɓa sauran, shi ya sa ya fi dacewa a zuba duk lambobin a shafin Excel ko 'yan layukan Python, a riƙa canza ɗaya ana kallon yadda matsi da gibi ke motsawa, kafin a biya mai borin ko sisi. Lambobin da ke sama na littafi ne. Bulok ɗin da ya shekara talatin yana iya kasancewa an taɓa aske shi, don haka sai an auna na hannu da ma'auni.

Wane karankishaf za a saya

Ba duk na 4.2 ne iri ɗaya ba. Na 1972 zuwa 1980 yana da nauyayan daidaito 12, ya kai kusan kilo 30. Na 1981 zuwa sama yana da huɗu kawai, kusan kilo 21. Mai nauyin ya fi riƙe juyi idan mota tana rarrafe a kan duwatsu, ba ya saurin mutuwa idan aka saki kuloci. Marar nauyin ya fi saurin amsa totur.

Bakin gaba, inda fuli ke zama, shi ma ya bambanta. Na 1987 zuwa 1990 gajere ne kamar na 4.0, yana shiga kai tsaye. Na shekarun baya ya fi tsawo da kusan milimita 10, sai an yanke shi ko a sa zoben cike gibi, in ba haka ba kusoshin ba zai matse fulin ba. Bulok na 1996 zuwa sama kuma yana da wani ƙarfen ƙarfafawa da aka ɗaure a ƙarƙashin mazaunan karankishaf. Da doguwar tafiya konrod yana iya gogarsa, don haka ana sa washa a ɗaga shi kaɗan, a juya injin da hannu a tabbatar babu inda ya taɓa. Metal na mazaunan a saye shi bisa shekarar bulok ɗin. Ga mai giyar hannu, a gwada ƙaramin bodin da ke cikin gindin karankishaf da sandar giyar tun kafin a ɗora inji a mota.

Wajen kan inji, wanda lambar zubinsa ta ƙare da 0331 na wajen 2000 da 2001 ya yi ƙaurin suna wajen tsagewa tsakanin silinda ta uku da ta huɗu. Wanda aka sake zubawa daga baya yana ɗauke da tambarin TUPY. Masu lamba 7120 da 0630 na shekarun 1990 su ne aka fi nema.

Kwamfutar ba ta san an canza komai ba

Wannan ɓangaren ne kanikawa da yawa ke tsallakewa. Injin 4.0 ba shi da na'urar auna yawan iskar da ke shiga kai tsaye. Kwamfutarsa tana duba matsin iska a bututun shiga, da zafinta, da saurin juyi, sai ta duba jadawalin da aka rubuta mata ta yanke tsawon lokacin da nozul zai buɗe. Jadawalin an rubuta shi ne don silinda mai cc 660. An ba ta mai cc 753 ko 765, amma lambobin da ke cikinta ba su canza ba.

A tafiya ta yau da kullum matsalar ba ta fitowa, domin na'urar auna iskar oksijin da ke salansa tana gaya wa kwamfutar cewa fetur ya yi kaɗan, ita kuma ta ƙara. Amma idan aka take totur har ƙasa, kwamfutar tana daina sauraron wannan na'ura ta koma jadawali zalla. Wato a daidai lokacin da injin ya fi buƙatar fetur, a lokacin ne yake samun ƙasa da buƙata. Ƙarancin fetur yana ƙara zafi, zafi yana kawo ƙwanƙwasa.

Maganin da aka saba shi ne nozul mai zubar da fetur da ya fi na asali da kusan kashi 15 cikin ɗari, gwargwadon ƙarin girman injin. A nan ma da tarko. Adadin da aka rubuta wa nozul ya dogara ne da matsin fetur ɗin da aka gwada shi a kai. Injunan 1987 zuwa 1995 suna aiki da psi 39, na 1996 zuwa sama da psi 49, don haka nozul ɗaya zai zuba adadi daban a motocin biyu. Zubar tana bin tushen murabba'in matsin: daga 39 zuwa 49 ƙarin kusan kashi 12 ne. Hanya mafi tabbas ita ce a ɗaura na'urar auna cakuɗen iska da fetur mai faffaɗan zango a salansa, a karanta abin da take nunawa a cikakken totur. Wajen 12.5 zuwa 13 ake so. In ta nuna 14 ko sama, a ɗaga ƙafa.

Filawil kuma dole ya zama na 4.0, na zamanin kwamfutar da ke cikin motar. A jikinsa ne na'urar gane matsayin karankishaf ke karanta alamomi, kuma tsarin alamomin Renix na 1987 zuwa 1990 ya sha bamban da na Chrysler da ya biyo baya. In aka sa wanda bai dace ba, kik zai yi ta juyawa babu wuta.

Ba Jeep kaɗai ake yi wa haka ba. Masu BMW E30 suna haɗa karankishaf na injin M20 mai lita 2.7, wanda tafiyarsa milimita 81 ce, da kan injin 325i mai tafiyar 75. A can ma konrod na 2.7 ya fi gajarta, 130 a kan 135. Masu Datsun 280Z kuma suna ciro karankishaf daga injin dizal LD28 mai tafiyar milimita 83 su sa a L28 mai 79, su faɗaɗa silinda zuwa 89, su samu lita 3.1. Jimillar tsayi ukun nan ce dai ake bi a ko'ina.

Tashin farko

Doguwar tafiya tana nufin fistan yana gudu fiye da da a juyi iri ɗaya. A juyi 5,000 a minti, matsakaicin gudunsa a 4.0 mita 14.5 ne a daƙiƙa, a sitiroka mita 16.5. Ribar wannan inji tana ƙasa da tsakiyar juyi ne, inda ake jan kaya ko manyan tayoyi. Lagireto ma a duba shi, domin ƙarin fetur ƙarin zafi ne, kuma ɗakin injin Cherokee matsattse ne tun asali.

Idan an sa sabon kamshaf, minti ashirin na farko su ne mafi haɗari a rayuwarsa. Injin 4.0 yana amfani da tafet masu shimfiɗaɗɗen gindi da ke gogar kamshaf kai tsaye, kuma man da ke isa wurin fantsamar karankishaf ce ke kai shi. A sulo fantsamar ba ta isa. Don haka kafin a tayar, a juya famfon mai da injin huda ta ramin distirbuta har agogon mai ya nuna matsi. A zuba baƙin mai na musamman mai sinadarin zinki da yawa. Da zarar ya tashi a kai shi juyi 2,000 zuwa 2,500, a riƙa ɗan hawa da sauka a tsakaninsu na minti 20 zuwa 30, ido yana kan agogon zafi da na mai. In wani abu ya ɗiga ko zafi ya hau, a kashe shi gaba ɗaya, a gyara, a sake tayarwa a koma juyin nan take. Bayan an gama sai a juye man a canza filta, a yanka tsohuwar a duba ko akwai garin ƙarfe a cikinta.